Asidar Dawowar Alhaji Kassim

Ranar Lahadi da hantsi, damina ta yi tsakiya, aka kawo rahoto ofishin 'yan sanda na Gadarif. Jiya a wani ƙauye kusa da Gadambaliya an yi karama, wato walimar dawowar Alhaji Kassim daga Makka. Bayan an ci asida, tuwon garin dawa, mutum goma sha ɗaya suna asibiti. Shi Alhajin ya cika, kwanansa biyar da sauka.

Sufeto Sharu Mailafiya ya ɗauki Kofur Cindo, suka bi taɓo har ƙauyen. Sun tarar an ɗaure wata mata a gindin aduwa, idonta ɗaya ya kumbura ya rufe.

"Wace ce wannan?"

"Atika ce, Janabu, ranka ya daɗe," in ji mai unguwa. "Maƙwabciyar Alhaji ce. Ita ta tuƙa asidar. Kuma kafin ya tafi Hajji sun yi faɗa a kan iyakar danga, kowa ya ji."

"Wallahi ni ma na ci," in ji Atika. "Loma biyu na yi, na ji ɗaci."

"Loma biyu! Kun ji ko?" wani ya ɗaga murya daga baya.

Sufeto bai ƙara tambayar komai ba. Ya sa aka kwance ta, aka jefa ta bayan mota. A ransa ya gama bincike.

Washegari likita ya kira shi asibiti.

"Maganin feshin gona ne," in ji likita, "irin mai ƙarfi da manyan gonaki ke kawowa a barmil, wato gangar ƙarfe. Ba a sayar da shi a ƙullin leda. Ina mace mai tuƙa tuwon biki za ta same shi?"

"Mai son kisa ba ya rasa hanya."

"To ga wata yarinya can a gado na shida. Ba ta ci asida ba. Kunu ta sha, wanda uwarta ta dama a gidansu da garin da aka ɗiba mata a gidan Alhaji."

Sufeto ya dubi yarinyar. Atika ba ta taɓa wannan kunun ba, amma ta kwana a ɗakin tsare masu laifi.

Ya koma ƙauyen. Matar mamacin, Inna Jummare, tana zaune a ɗaki cikin takaba. Bai fara ta kanta ba. Ya zaga bayan madafa, ya ga kaji huɗu a mace, ƙuda na binsu. Ba kusa da tukwane suke ba, a bakin rumfar ajiya suke.

A rumfar akwai buhu uku na garin dawa, biyu cike, ɗaya ya kusa ƙarewa. Kofur Cindo ya juya na ukun. Gefen da ke jingine da bango ya yi maiƙo, yana wari kamar kananzir da tafarnuwa. A tsakiyar maiƙon akwai shatin tsatsa, zagayayye, daidai bakin barmil.

Sufeto ya tsaya a ƙofar ɗaki ya yi gaisuwar mutuwa.

"Inna, ina aka niƙo garin nan?"

"A Gadarif, injin Jibrin."

"Wa ya kawo shi gida?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Mai amalanken jaki."

"Sunansa?"

"Ban tambaya ba."

"Inna, ni da mota sai da muka kafe sau biyu. Wane jaki ne ya jawo buhu uku daga Gadarif cikin taɓon nan?"

"Na faɗa maka abin da na sani, ɗana."

Ba ta ɗago kai ba. Bai matsa mata ba, ya fita.

Jibrin mai inji ba shi da abin ɓoyewa. Gari har a girarsa, yana magana yana karkaɗe riga.

"Jaki? Ya salam! Lori ne, Janabu, da jar tuta a gaba. Na surukin Inna Jummare ne, Mahmudu Mero, mijin 'yarta Zainaba. Ranar Alhamis ta zauna nan tun safe ba mota, sai ga shi zai wuce. Hannu kawai ta ɗaga."

"Me ya ɗauko?"

"Barmil, har sama, an ja tamfol. Da hannuna na taya shi ɗora buhunan a kai. Na ce masa, ya zol, bawan Allah, wannan warin fa? Ya ce in rage murya, tsohuwa na ji."

Sun sami Mahmudu a tashar manyan motoci, yana ɗaure batir. Dogo ne, shekararsa goma sha shida a kan hanya, ba a taɓa rubuta shi da laifi ba. Jiya shi ya shiga kabari ya karɓi gawar surukinsa.

"Ranar Alhamis me ka ɗauka?"

"Maganin feshi, Janabu. Barmil ashirin, daga sito zuwa gonakin Gadambaliya."

"Da me kuma?"

"Shi kaɗai."

"Kawo takardar kaya."

Ya ciro ta daga aljihun mota. Sufeto ya duba, ya mayar masa da ita. "Karanta abin da ke ƙasa, inda ka dangwala hannu."

"Ba na karatu sosai. Amma na san abin da ta ce. Ba fasinja, ba abinci, ba dabba. A ɗaure barmil a tsaye, a duba marfi, a sa jar tuta."

"Ka kiyaye?"

"Tamam, duk na kiyaye."

Kofur Cindo ya hau bayan lorin. An wanke katakon da toka da sabulu, har ya yi fari. Sai dai tamfol ɗin yana naɗe a lungu, ba a wanke shi ba. Da Kofur ya warware shi, gari ya zubo daga ninkin, wani ya dunƙule da maiƙo.

Sufeto ya ɗiba a tafin hannu, ya kai wa Mahmudu har hanci.

"Gonakin Gadambaliya gari suke feshi da shi bana?"

Mahmudu ya zauna a kan taya. Ya cire hula, ya riƙe ta da hannu biyu.

"Janabu, kai Bahaushe ne. Shekara tara ina auren 'yarta, ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Daga gaisuwa ban taɓa ƙara mata kalma ba. Ta tsaya a rana ta ɗaga mini hannu, mutane na kallo. Da wane baki zan ce mata a'a?"

"Da bakin da ka ce wa Jibrin ya rage murya."

"Na ce tafiyar ba nisa. A wajen kwari mota ta faɗa rami, marfi ɗaya ashe bai ɗauru ba. Da na zo saukewa na ji buhun a jiƙe. Tana tsaye tana sa mini albarka. Sai na juya jiƙaƙƙen wajen bango. Na ce gobe zan sayo wani in musanya, ba wanda zai sani. Washegari aka tura ni Showak, ruwa ya tsare ni."

"Ranar Asabar da ka dawo ka ga ana dukan Atika fa?"

Mahmudu ya murɗe hular da ke hannunsa.

"Ina kake tsaye?"

"A bayan mutane."

Sufeto ya buɗe baki zai zage shi, sai ya tuna wanda ya jefa matar a mota. Ya rufe bakin.

Ranar Laraba aka kawo Inna Jummare ofis. Ba a yi mata tambaya biyu ba.

"Na ji warin," ta ce. "Na sa aka zubar wa kaji na gefen. Na ce sauran lafiya. In na yi magana, an ce mijin 'yata ya ɓata abincin Alhaji. Ga baƙi sun taho tun daga Fashaga."

Sufeto da kansa ya ɗauki makulli ya buɗe wa Atika. Kwana uku ta yi a ciki. Ya shirya maganar da zai faɗa mata tun safe, amma da ta fito sai ya tsaya yana kallon makullin.

"Baiwar Allah, an gano ba ke ba ce. Ki yi haƙuri."

"Wa ya yi?"

Kofur Cindo ya ba ta labari a taƙaice. Ta saurara har ƙarshe, ta dubi Inna Jummare da ke zaune a benci, ta dubi Sufeto da idonta mai gani.

"Shi ya ji kunyarta, ita ta ji kunyarsa. Ni wa ya ji kunyata?"

Ta nemi takalminta, aka rasa ƙafa ɗaya, ta fita haka.

Aka fito da Mahmudu da ankwa za a kai shi kurkuku. Da ya hango surukarsa a benci ya ja ya tsaya.

"Janabu, don Allah a bi da ni ta ƙofar baya."

"A'a," in ji Sufeto. "Ta gabanta za ka wuce. Kuma za ka tsaya ka gaya mata abin da ya kamata ka gaya mata ranar Alhamis."

Mahmudu ya tuɓe takalmi kamar yadda ya saba, ya durƙusa, ankwa na ƙara a hannunsa.

"Inna," ya ce, "motar guba ce a cikinta. Ba a sa abinci."

Inna Jummare ta juya fuska bango. Kofur Cindo ya kama kafaɗarsa ya ɗaga shi, suka fita.