Boris Mai Tsaga Uku

Ƙarfe tara na safiyar Litinin Madam Afiniki ta shigo ofishin 'yan sanda a Kafanchan tana huci. Bayanta wani kofur yana riƙe da hannun wani tsoho.

"Sake ni," in ji tsohon. "Ban taɓa gudu ba, ba zan fara yau ba."

Sufeto Dogara ya ture kofin shayinsa. Ya san tsohon. Baba Sambo ne, bakaniken bayan tasha. Shekara arba'in yana kwance giyar mota yana haɗawa.

"Me ya faru, Madam?"

"Ɓarawo ne, Oga! Motana a-kori-kura, tsohon Fijo da nake kwasan citta da shi. Har Kaduna na je, shago bakwai na shiga kafin na samu boris na cikin giya, na asali, guda huɗu. Na ba shi ya sa. Sati ɗaya giya ya fara kuka, jiya ya maƙale a hanyan Godogodo da kaya. Direbana ya ce tsofaffin boris ne a ciki."

"Baba, me ka ce?"

"Sababbi na sa."

"Shi ke nan?"

"Waƙa kake so in yi maka?"

Kofur ya ce tun da safe Madam ta tara jama'a a tasha tana kiran tsohon ɓarawo. Har mutum biyu sun janye motocinsu daga garejinsa.

Sufeto ya ɗauki hularsa. "Mu je mu ga giyar."

An riga an jawo motar zuwa garejin. Direban yana jingine da ita yana latsa waya. Kevin sunansa, ƙanen mijin Madam. Aka sauke giyabos a kan buhu. Baba Sambo ya duba bakin murfin, ya ja tsaki.

"Wannan jan gam ɗin fa?"

"Kai za a tambaya," in ji Madam.

"Ni da gam? Kwalin sukari nake yankawa in yi gasket na toshe bakin murfi, da ƙaramar guduma. Ku tambayi duk garin nan."

Sufeto ya leƙa rumfa. Kwalaye yankakku sun cika ƙusa. Ya bincika akwatin kayan aiki har ƙasa, babu gam ko ɗigo.

"Wani ya buɗe giyar bayanka ke nan."

"Sai yanzu ka gane?"

 Sufeto ya sa aka kwance murfin. Boris huɗu suka fito, baƙaƙe, suna kaɗawa. Madam ta tafa hannu.

"Ka gani! Tsofaffi!"

Baba Sambo ya goge ɗaya da rigarsa, ya miƙa wa Sufeto. A gefensa akwai tsaga uku a jere.

"Duk boris da ya mutu a hannuna sai na tsaga shi sau uku da garanda, injin yankan ƙarfe, don kada wani ɗan iska ya wanke ya sayar. Sannan in ɗaure da waya in mayar wa mai mota. Kayansa ne."

"Waɗannan wa ka ba?"

Tsohon ya nuna Kevin da haɓa.

"Ni? Ƙarya ne, Oga! Bai ba ni komai ba. Allah ya gani."

"Bar Allah ya huta," in ji Sufeto. "Yaushe ka buɗe giyar?"

"Ban taɓa ba, sa."

"To yaya aka yi ka gaya wa Madam tsofaffi ne a ciki?"

Kevin ya sosa ƙeya. "Daga sauti na ji."

Sufeto ya ce wa kofur kada kowa ya motsa. Ya taka zuwa layin masu kayan mota. Shago uku suka ce rabonsu da boris na wannan giya tun shekarun baya. Na huɗu, na Mahfuz, ya fito da guda huɗu cikin kwali.

"Sababbi dal, ranka ya daɗe. Daga Legas."

Sufeto ya kai ɗaya hanci. Warin man giya ya buge shi.

"Sabon boris ba ya warin giya, Mahfuz. Za ka tuna a nan ko a bayan kanta?"

Mahfuz ya tuna nan take. Ranar Alhamis direban Madam Afiniki ya kawo su, ya ce saura ne suka yi.

Da Sufeto ya zube su a kan bonet, Kevin ya zauna a ƙasa.

"Anti, ki yi haƙuri. Ran Laraba da na ce na tafi lodi Samaru Kataf, ƙarƙashin mangwaro na tsaya na sauke giya. Na ga tsofaffin suna juyawa. Na ɗauka za su kai bayan Kirsimeti."

"Ba ka ga tsagar ba?" in ji Sufeto.

"Na gani. Na ɗauka lambar kamfani ce."

"Kamfani!" Baba Sambo ya tofar da yawu. "Da guduma ma ya buga su, dubi shaf ɗin. Ni a mai mai zafi nake dafa boris ya shige da kansa. Sata ba ka iya ba, aiki ba ka iya ba."

Kofur ya sa wa Kevin ankwa, ya tasa shi gaba.

Madam Afiniki ta durƙusa. "Baba, ka gafarce ni. Ka haɗa mini, gobe akwai kasuwa."

"Boris sun zama shaidar kotu," in ji Sufeto.

"Kotu za ta tuƙa mota?" Tsohon ya kwashe su ya zuba a aljihu.  Sufeto ya ciro takarda ya fara rubuta cewa ya ba da su ajiya.

Baba Sambo ya dubi Madam.

"Tashi. Ba a nan kika kira ni ɓarawo ba. Koma tasha ki faɗa musu, da muryar nan taki ta safe. In na jiyo ki daga nan, zan ɗora mai a wuta."