Yarinyar da ta Haddace Wasan Ces

A wata makaranta a Illela akwai wata yarinya gwanar hadda. Ko talla ta ji a rediyo, sai ta haddace.

Malam Maccido ne ke koya musu ces, darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki da sojoji. Wata rana ya ce, "Za a yi gasa a Sakkwato, kuma ɗalibi ɗaya za mu tura. Ga wani wasa da gwanaye suka buga. Ku lura da yadda suka buɗe shi."

Yarinyar tana son zuwa Sakkwato ƙwarai. Ta haddace farkon wasan tsaf, kamar karatun Islamiyya.

Ranar gwaji aka haɗa ta da wani ɗan ajinsu, Muntasir. Shi bai yi hadda ba, sai ya tura wani soja daban da na wasan gwanayen. Ita kuwa ko allon ba ta kalla ba, ta ci gaba da jero abin da ta haddace. Can sai dokin Muntasir ya cinye mata sarauniya.

"Malam, ai ba haka gwanin ya yi ba!"

"Gaskiya ne," in ji Malam. "Amma gwanin bai samu zuwa ba, Muntasir ne ya zo. Ranar Alhamis za ku yi wasan ƙarshe."

Da yamma babanta ya dawo daga Ƙonni, ya tarar tana kuka a gaban allon ces. Shi bai san ces ba ko kaɗan. Ya zauna kusa da ita a tabarma.

"Ɗiyata, koya min. Wannan dokin, mi ya sa ya fito nan?"

"Haka aka yi, Baba."

"Na ji. Amma mi ya sa?"

Ta daɗe tana kallon allon.

"Au! Wannan sojan yake tsarewa!"

"Madalla. To, wannan fa?"

Haka suka bi wasan ɗaya bayan ɗaya, har aka kira magariba.

Ranar Alhamis Muntasir ya sake kauce wa hanyar gwanaye. Yarinyar ta tsaya, ta tambayi kanta dalili. Sai ta ga ya bar sarkinsa ba tsaro. Ba a jima ba ta ci wasan.

Malam ya yi murmushi. "Ki shirya jakarki. Hadda tana da kyau, amma a haɗa ta da fahimta. Duk abin da kika koya, ki nemi dalilinsa."