Sawun Hadijatu a Bayan Rumbu

Ciyawar damina ta rufe ko'ina a bayan gidan Malam Jalo da ke Azare, sai wata 'yar siririyar hanya guda da ta ƙi tsiro. Ta taso daga ƙofar ɗakin matarsa Hadijatu, ta bi jikin katanga, ta ratsa bayan rumbu, ta kewaye kurna, ta dawo inda ta fito. Hadijatu ba ta taɓa lura da ita ba sai ran nan, tana tafe da tulu a ka, ƙugunta kamar zai rabe biyu. Ta duba, ta gane sawun ƙafarta ne, har ta ɗan yi murmushi... Allah sarki! Da ta san abin da hanyar nan za ta jawo mata, da kuka za ta yi.

"Ke 'yar ruga! Tulun ne ya kafe ki, ko ciyawar kike marmarin ci?"

Larai ce, yayar mijinta, wadda aurenta ya mutu ta dawo gidan ƙanenta ta riƙe komai, daga mabuɗin rumbu har ludayin miya. Tun ranar da aka kawo amarya take ganin an zo ƙwace mata gida.

"Yi haƙuri Yaya, ga ni nan."

Hadijatu marainiya ce daga wata ruga kusa da Chinade. Wajen haihuwarta uwarta ta rasu, ubanta bai daɗe ba ya bi ta, gwaggonta Adda ce ta raine ta. A shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin ƙasar Bama, Malam Jalo mai fataucin fata ya gan ta, ya so ta, ta so shi. Kafin a kai ta ɗaki Adda tana kwance ciwon ajali, ta kama hannunta ta ce, "Birni za ki, inda ake kulle. Idan Allah ya ba ki rabo, kar ki kwanta kamar buhu, kar kuma ki ɗauki abin da ya fi ƙarfinki. Ki riƙa takawa da sanyin safiya, a hankali, kamar mai bin maraƙi. In kin ji jiri ki zauna ki sha ruwa. Uwarki ban iya riƙe ta ba... ke ina so ki rayu."

To, ga rabon ya zo, Adda kuwa tana kabari. Shi ya sa kullum bayan sallar asuba, kafin aikin gida ya danne ta, Hadijatu take bin jikin katanga tana takawa, tana addu'a ƙasa-ƙasa. Amma da wane baki za ta faɗi dalili? Cikin fari ne! Ko 'yar birni ba ta ambaton cikin fari gaban dangin miji, balle ita da aka raina a kan cewa gara mutuwa da rashin kunya.

Maigidan ya tafi Nguru da ayarin jakuna, gida ya zama na Larai ita kaɗai. A cikin haka 'yarta Zinatu ta zo goyon ciki, kamar yadda kowace mai cikin fari ke komawa gaban iyayenta. Hadijatu kuwa ba ta da gidan komawa. Masu juna biyu guda biyu a gida ɗaya, amma dubi bambanci! Zinatu an shimfiɗa mata tabarma kan tabarma, ko buta aka hana ta ɗauka, ko ƙofar ɗaki ta leƙo sai uwar ta ce, "Koma ki kwanta!" Hadijatu kuwa ita ce daka, ita ce jan ruwa a rijiya, ita ce faskare, har sai ta ga duhu-duhu a idonta da rana tsaka.

Zinatu yarinya ce mai taushin zuciya. Wata safiya ta lallaɓo ta tarar da Hadijatu a gindin kurna.

"Matar Kawu, don Allah in bi ki? Wallahi bayana ya ƙage, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Inna ta mai da ni kabewa, sai juya ni ake yi."

Hadijatu ta yi dariya, ta kama hannunta. Ba su kai bayan rumbu ba sai ga Larai kamar an jefo ta.

"La'ilaha illallahu! 'Yar tawa kike ja? So kike ki zubar mata da abin da ke jikinta? Dama ina ganinki kullum kina kewaye gidan nan bakinki na motsi. Me kike kewayewa? Faɗa min!"

Hadijatu ta sunkuyar da kai. Kunya ta hana ta faɗin dalili.

"Ba komai, Yaya..."

"Ba komai? To, za mu gani."

Ranar da Malam Jalo ya dawo, ko ƙurar hanya bai wanke ba yayarsa ta tare shi da kuka. Ta ce matarsa asiri take yi, tana kewaye gida don ta ɗaure shi, ta kori danginsa, ta kashe abin da ke cikin Zinatu. Ya ce bai yarda ba. Ta ja shi ta nuna masa hanyar da ciyawa ta ƙi fitowa, ta ce, "Ka taɓa ganin inda ƙasa ta ƙi tsiro da damina in ba an yi mata wani abu ba? Ɗauko fartanya!" Ya sara a bayan rumbu inda ta nuna, sai ga ƙahon akuya an cusa masa laya, an naɗe da gashin mutum.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Hadijatu ta dafa jikin rumbu.

"Hadijatu," in ji mijin, "dube ni. Sawun nan naki ne?"

"Nawa ne, Malam."

"To me kike yi a nan kullum? Ki faɗa min ko kalma ɗaya ce, in kama."

Ta ɗago ido, ga yayarsa tsaye, ga matan maƙwabta sun cika tsakar gida. Yaya za ta buɗe baki a gaban jama'a ta ce saboda cikina? Hawaye kawai suka zubo.

"Ƙahon nan ban san shi ba. Allah ya sani... Allah ya sani."

Rashin faɗin dalilin nan shi ya kashe ta. Malam Jalo ya juya baya ya ce kar ta sake taka tsakar gidansa. Ya ce ta zauna a ɗaki har ta sauka, in an yaye abin da ta haifa ta bar masa ɗansa ta nemi hanyar rugarsu.

Haka aka rufe ta kamar mai kuturta. Larai kan turo mata ƙanzon tuwo da ƙafa, tana cewa, "Ci, uwar bokaye." Matan unguwa da suke shigowa hira suka daina amsa gaisuwarta. Ƙafafunta suka kumbura, bayanta ya riƙe, ta rame sai ciki. Amma ko a nan ba ta saki wasiyyar Adda ba. Da ta idar da asuba sai ta dafa bango, ta taka daga ƙofa zuwa gado, daga gado zuwa ƙofa, tana kuka tana cewa, "Ya Allah, ba ni da uwa, ba ni da uba, Kai ne gatana. Kar Ka raba ni da abin da ke jikina. Ka wanke ni, ya Ubangiji, ko bayan raina ne..."

Gero ya fara nuna lokacin da naƙuda ta kama Zinatu. Tun safe ake abu ɗaya har rana ta karkata, shiru. Aka kira Ya Fanna, tsohuwar ungozomar unguwa, wadda ba ta tauna magana. Ta shafa cikin, ta dubi ƙafafun yarinyar, ta dubi Larai.

"Wata nawa kika ajiye ta a kwance? Jiki duk ya saki! Ta tashi ta taka, ko Allah zai sa kan ya sauko. Kama min ita."

Ina! Larai ta zube a ƙasa tana birgima tana ihu, "Sun kashe min ita! Asirin ya ci ta!" Matan da ke wurin kowa ta ja baya, ana tsoron taɓa wadda aka yi wa asiri.

Daga ɗakinta Hadijatu tana jin nishin Zinatu. Ta tuna an ce in ta fito ta kuka da kanta. Ta tuna uwarta, wadda ba ta taɓa gani ba, ita ma a kan gwiwa ta tafi. Sai kawai ta ɗaga asabari ta fito.

"Zinatu, kama kafaɗata. Taso, 'yar uwa, a hankali... kamar mai bin maraƙi."

Ya Fanna ta riƙe gefe ɗaya, ita ta riƙe ɗaya, suka bi jikin katanga, kan tsohon sawun da ciyawa ta fara rufewa. In ciwon ya taso su tsaya, in ya lafa su ci gaba. Da suka iso bayan rumbu, daidai ramin da aka haƙa, Zinatu ta tsaya cak, ta fashe da kuka.

"Ba zan mutu da wannan a wuyana ba! Matar Kawu, ki yafe min! Inna ce ta binne ƙahon nan, da idona na gan ta, gashin ma nawa ne da ta tsefe min kai. Ta ce in na faɗa ba ta yafe min nononta ba..."

Wani abu ya faɗi ƙasa a bayan zana. Malam Jalo ne, ya kawo ƙwaryar rubutu daga wurin malam, ya tsaya nan saboda maza ba sa shiga. Ya ji komai, ƙwaryar ta suɓuce masa.

Ya Fanna ta ɗaga murya yadda zai ji da kyau. "Kai kuma da kake laɓe, wannan hanyar ce kuka kira asiri? Mai ciki ce take motsa jikinta, kunya ta hana ta faɗa! Gidan nan duk ba mai ido? Kun ɗora mata tulu, kun ɗora mata taɓarya, abu ɗaya da ta yi wa kanta na alheri shi kuka rufe ta a kansa. Kaico!"

Kafin la'asar sakaliya Zinatu ta sauka, ta sha wuya ƙwarai, amma ita da jaririyarta suna numfashi. Bayan 'yan kwanaki Hadijatu ta durƙusa da hantsi, kafin azahar an ji kukan ɗa namiji.

Malam Jalo ya tsaya a ƙofar ɗakinta, babban mutum da gemunsa, hawaye na bin fuskarsa.

"Na zalunce ki, Hadijatu. Na tambaye ki a gaban mutane abin da ya kamata in gane da kaina. Ki yafe min don Allah."

"Ban taɓa riƙe ka ba, Malam," ta ce, tana share ido da bakin zane. "Yaya ma na yafe mata."

Ita ta yafe, amma gari bai yafe ba. Labari ya kai rijiya, ya kai kasuwa. Duk gidan da Larai ta yi sallama sai a yi kamar ba a ji ba. Ƙanenta ya karɓe mabuɗin rumbu ya ajiye a ɗakin matarsa, ya ce wa yayarsa ta koma Itas wurin baffansu. Abin da ya fi ci mata rai, Zinatu ta hana ta ɗaukar jikarta, ta ce a ɗakin Matar Kawu za ta ƙarasa wankan jego.

Ranar suna gida ya cika, guɗa na tashi, matan da suka ƙi amsa gaisuwar Hadijatu su ne ke rige-rigen ɗaukar ɗanta. Tana zaune a bakin gado, ta hango ta ƙofa: Larai ce ta fito daga ɗakinta da ƙunshin kaya a ka. Ba ta iya ratsa tsakar gida ba saboda idon mutane, sai ta bi jikin katanga, kan siririyar hanyar nan, ta wuce ramin da ke bayan rumbu. A gindin kurna ta ɗan tsaya, ta waiwayo kamar za ta yi magana. Hadijatu ta yunƙura za ta kira ta... amma Larai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tura ƙofar baya, ta fita.