Shekaru Huɗun da Zaituna Ta Ƙara

Ranar da Zaituna ta fara ganin Sadisu ƙarya ta yi masa, kuma Allah ya sani ba da niyyar haka ta fito daga gida ba.

Rumfarsa tana Magama, daf da inda manyan motoci ke yin layi kafin su tsallaka Maraɗi. Caji yake yi wa direbobi, yana kuma tura wa mutane karatu da fina-finai da wasannin gem a waya. Ita kuwa tsohuwar wayar Baba ta kawo, don ƙanwarta Mufida ta ishe ta da kuka sai an sa mata gem ɗin nan na 'yan makaranta masu manyan idanu, waɗanda ake canza wa kaya.

Ya ɗago ya dube ta. Nan take maganar da ta shirya ta ɓace mata.

Da ta samu ta faɗi abin da ya kawo ta, sai ya nuna mata kusurwar hoton. "Kin ga lambar ga? Sha biyu. Nufinsu sai wanda ya kai. Shekarun ƙanwar taki nawa?"

A gidansu ba a ƙirga shekaru da lamba. Yarinya in ta iya ɗora tukunya, tana kai azumi, to ta girma. Ga shi kuma Zaituna ba ta son ya ce a'a ta juya haka nan.

"Ta kai mana. Bana har azumi goma ta yi."

Takwas Mufida take da su, aji uku.

Ya tura gem ɗin, ya karɓi lambarta wai ko wayar za ta ba da matsala. Wayar ba ta taɓa ba da matsala ba, amma kullum sai ya tambayi lafiyarta.

"Zaitunata, yau motoci arba'in suka wuce gabana. Na leƙa kowace, ba wadda ta ɗauko abin da ya kai murmushinki."

"Malam mai caji, ka dai kula da wayoyin mutane, kada ka ba wani ta wani."

Malam Ummaru, mahaifinta, bai so maganar aurensu ba da farko. Shi mai sayar da hatsi ne, bai ga sana'a a tura hotuna ba, kuma ransa ya fi kwanta wa Abbas, ɗan ƙanensa mai harkar mai. Da ƙyar ya bari aka kawo gaisuwa.

A lokacin ne Zaituna ta fara jin tsoro.

Ta zauna ta kalli gem ɗin da kyau. Ashe ba canza kaya kawai ba ne. 'Yan matan ƙungiya-ƙungiya suke, ana ba kowa maki bisa abin da ta sa, wadda makinta ya faɗi a kore ta a yi mata dariya. Wata rana da la'asar ta ji muryar Mufida a ƙofar gida tana ce wa Fatu, ƙawarta tun suna rarrafe, "Ba ki cikinmu. Hijabinki ya koɗe. Maki biyu."

 Zaituna ta ɓoye wayar cikin akwati, amma wasan ya riga ya bar waya ya shiga makaranta. Sau uku tana rubuta wa Sadisu gaskiya tana gogewa. Yaya za ta ce masa maganar farko da ta taɓa yi masa ƙarya ce? Idan kuma Baba ya ji, auren ya tashi kenan.

Sai takalmin Mufida ya tsinke, Inna ta ɗinke shi da zaren buhu. Washegari Mufida ta dawo ba ta ci abinci ba. Rana ta uku ta tafi makaranta, azahar ta yi, yara duk suka dawo, ban da ita.

A garinsu Jibiya idan yaro ya ɓata kowa masu garkuwa da mutane yake tunani, kuma ba mai son faɗi da baki. Inna ta zube bisa tabarma tana salati. Baba ya fita ko hula babu. Abbas ya hau babur ya bi gidajen 'yan ajinsu, ya dawo da labarin cewa jiya an kori Mufida daga ƙungiya saboda takalmi.

Zaituna ta kira Sadisu.

"Mufida ta ɓata. 'Yan ajinsu sun kore ta daga ƙungiya saboda takalmi, irin na gem ɗin nan. Sadisu... takwas take. Ƙarya na yi maka."



"A gem ɗin," ya ce a hankali, "wadda aka kora kanti take zuwa ta canza kaya, ta dawo a karɓe ta. Ina Mufida ta san ana sayar da takalmi mai kyau?"

"Kullum cewa take na Maraɗi."

Ya kashe wayar. Daga baya ta ji yadda ya bar rumfa a buɗe ya bi layin motoci da gudu. Ba direban da bai sani ba, don wayoyinsu duk a wurinsa suke kwana. Mota-mota yake roƙo a ɗaga tamfol. A ta sha ɗaya, wadda ta yi lodi da safe kusa da makarantar, ya same ta tsakanin buhuna, zafi ya galabaita ta, tana rungume da takalmin. Motoci biyu suka rage a gabansu kafin shingen 'yan duwan, wato kwastan na bakin iyaka.

Da ya shigo da ita a kafaɗa, Inna kuka, Zaituna kuka. Amma tsoron Zaituna bai tafi ba, wuri kawai ya sake.

Bayan la'asar aka zauna a zaure, ita tana maƙale a bayan ƙofa. Abbas ya miƙa wa Baba wayar, yatsansa bisa lambar.

"Baba, su kansu masu abin sun ce sai sha biyu."

"Kai ka tura wanga abu?" in ji Malam Ummaru.

"Ni ne, Baba," in ji Sadisu.

"Ka ga lambar?"

"Na gani. Laifina ne."

Bai ambaci sunanta ba. Zaituna ta toshe bakinta da mayafi.

"Na gode da ka tsamo mani ɗiya," in ji Baba, muryarsa a sanyaye. "Amma wanda zai ba yarinya abin da aka ce ba nata ba ne, ban iya ba shi amanar yayarta. Gobe za a maido maku kayanku."

 Zaituna ba ta taɓa shiga zaure maza na zaune ba. Ta shiga, ta durƙusa.

"Baba, ya tambaye ni. Ni na ce mashi ta kai."

"Ke? Don mi?"

Kunya ta kusa kashe ta, amma ta faɗa. "Tsoro na ji ya ce a'a, in tafi ban ƙara ganinsa ba."

 Abbas ya shiga duban farcensa. Malam Ummaru ya ɗago ya dube ta.

"Wai nawa ne shekarun nata?"

"Takwas, Baba."

"Takwas," ya maimaita. "Ni da na haife ta, da ni ya tambaya, goma zan ce, ko sha ɗaya." Ya juya ga Sadisu. "Duk gidan ga kai kaɗai ka tsaya ka tambaya. Kuma ka gwammace ka rasa ta da ka kunyata ta gabana. Ku bar kayan inda suke."

Kafin magariba ya riƙo hannun Mufida da kansa, ya kai ta gidan su Fatu ta ba da haƙuri.

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure. Mufida da Fatu anko ɗaya suka sa, kowace da takalmi daga Maraɗi, ba wanda ya ba kowa maki. Sadisu kuwa ya daina tambayar shekaru a rumfarsa. "Aji nawa take?" yake cewa, don wannan ba a ƙara masa azumi.

Ana shirin kai amarya saƙonsa ya shigo.

"Amaryata, kafin in buɗe ƙofa, akwai lamba a jikin gidan nan. Shekarunki nawa?"

Tana hawaye tana dariya ta rubuta: "Ashirin da ɗaya, angona. Takardar haihuwata tana cikin akwati, ka duba da idonka."

Baba ya dafa kanta a bakin zaure, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka, ya kuma sa su san shekarun kowane ɗaya. Duk gidan aka ce amin.