Ɗaliban Latin Goma Sha Biyu

Ƙarfe tara da rabi na safiyar Litinin aka bugo wa Sufeto Glenda Rourke waya daga jami'ar garin, wai an yi sata a Tsangayar Adabi. Ta tambaya ko kwamfutoci aka kwashe. Aka ce a'a, takardun amsar jarrabawa ne guda goma sha biyu. Ta dire kofin shayinta ta ja tsaki.

Glenda 'yar mai askin gashin tumaki ce. Tana da shekara sha shida ta bar makaranta, kuma har yau ba ta ga asarar da ta yi ba. Da aka ajiye ta tana jira a ofishin shugaban tsangaya, sai ta jawo kundin darussan jami'ar, mai kaurin bulo, tana buɗawa. Darasi ɗari tara da ɗoriya. Likitanci da lauya da injiniya, waɗannan ta yarda da su. Daga nan abin ya watse: kimiyyar hawan igiyar teku, ɗanɗanon ruwan inabi, halayyar karnuka, falsafar hutu. A ce ƙato ya shekara uku ana koya masa hutawa, a ba shi digiri, uwarsa ta zo tana kukan murna!

Shugaban tsangayar, Farfesa Carmody, ya shigo yana duba agogo.

"Ai mun riga mun san ɓarauniyar, Sufeto. Wata ɗaliba ce, Marlee Dunstan. Rahotonki kawai muke jira mu kore ta."

"To ku rubuta da kanku mana, tunda kun gama mini aikin. Takardun wane darasi ne?"

"Latin. Jibi mai duba jarrabawa zai zo daga waje ya gansu. Bana muka fara wannan, saboda muna tace kundin. Duk darasin da ɗalibansa ba su kai sha biyu ba, sokewa za mu yi."

"Latin ɗin nawa ne?"

"Sha biyu cif."

Ofishin malamin Latin yana can ƙarshen baranda, kusa da ɗakin ajiye tsintsiya. Dakta Ambrose Tickner dogo ne siriri, da rigar sanyi mai faci a gwiwar hannu, kuma yana magana a hankali kamar mai tsoron kada kalmominsa su yi wa 'yar sanda nauyi.

"Shekara talatin da ɗaya ina koyar da wannan harshe. Ba na tsammanin za ki gane darajarsa."

"Ba zan gane ba kam. Ina mukullin durowar da takardun suke ciki?"

"Ɗaya ne, yana kan teburina. Ranar Juma'a yarinyar ta shigo, na fita ɗebo ruwan zafi na bar ta. Ta san ta faɗi, shi ya sa."

Glenda ta durƙusa ta duba durowar. Ba a ɓalle ta ba. Ta ce, "Idan takardarta take tsoro, me ya haɗa ta da sauran sha ɗaya?"

"Ban taɓa nazarin tunanin ɓarayi ba, Sufeto. Wannan fanninku ne."

Glenda ta sami Marlee Dunstan a kantin sayar da abinci na ɗalibai, inda take aikin wanke kofuna. Idanunta sun kumbura. Wannan ne zangonta na ƙarshe, kuma wata makaranta a can ƙauye ta yi mata alkawarin aikin koyarwa idan sakamako ya fito. Idan aka kore ta da sunan sata, digirin ya tafi, aikin ya bi shi.

"Ƙamus na je mayar masa," in ji ta. "Wallahi ko durowar ban kalla ba. Me zai sa in saci takardata? Wata huɗu ina karatu saboda ita."

"'Yar nan, duk cikin darasi ɗari tara ki rasa na ɗauka sai harshen matattu?"

"Ina sonsa ne."

Glenda ta kalle ta. Ba ta ga alamar ƙarya ba, sai dai wauta, ita kuwa wauta ba laifi ba ce a dokar ƙasa.

"Ba ni sunayen 'yan ajinku."

"Mu uku ne. Ni da wasu samari biyu da ke zuwa barci."

"Sauran taran fa?"

"Ya ce daga gida suke karatu, ta gidan waya suke aiko da jarrabawarsu. Ban taɓa ganin ko ɗaya ba."

A ofishin rajista, sai da Glenda ta cika takarda biyu kafin a ba ta takarda ɗaya. Ta bi sunayen taran da yatsa. Ƙaraminsu shekararsa saba'in da tara. Ma'aikaciyar wurin ta ce ba abin mamaki ba ne, jami'ar tana barin duk wanda ya haura sittin da biyar ya ɗauki darasi ɗaya kyauta, har a jarida an yaba musu.

"Ba wanda ya lura cewa adireshinsu duk ɗaya ne?"

"Mu shigarwa muke yi, ba karantawa ba."

Adireshin na wani gidan kula da tsofaffi ne a bayan filin wasan kurket. Da rana tsaka Glenda ta isa, ta tarar da su a falo sun lulluɓe ƙafafu da barguna saboda sanyin Yuni, lokacin hunturun ƙasar, suna kallon tseren dawaki. Ta tambaya wane ne Mista Cyril Haddow, na farko a jerin. Wani tsoho ya ɗaga hannu.

"Baba, yaya karatun Latin?"

"Wace ce Latin? Sabuwar nas ɗin?"

Wata tsohuwa mai jan baki ta tuntsire da dariya. "Rabu da shi, 'yata, ko sunan matarsa ba ya riƙewa. Aikin Ambrose ne, ɗan Edna. Duk farkon shekara yana zuwa gaida uwarsa da kwalin biskit, ya ce mu sa hannu a takarda. Ni na ɗauka ƙorafi ne a kan abincin gidan nan."

"Kin taɓa rubuta jarrabawa?"

"Da wannan hannun? Cokali ma da ƙyar."

Glenda ta karanto suna na ƙarshe, Walter Gosse. Tsohuwar ta ce tun watan Afrilu suka binne shi.

Ƙarfe huɗu ta tara su a ofishin Farfesa Carmody: shi, da Dakta Tickner, da Marlee da ke tsaye a bakin ƙofa don ba wanda ya ce ta zauna. Glenda ta tura mata kujera da ƙafa.

"Dakta, Walter Gosse ya rubuta jarrabawar makon jiya?"

"Ya rubuta. Ɗalibi ne mai ƙwazo."

"Ƙwarai kuwa. Wata biyu a kabari, bai fasa ba."

Glenda ta ci gaba ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Shekara nawa kana zama kana rubuta takarda tara da hannunka, ka duba su, ka ba kanka maki? Babu wanda ya taɓa tambaya, sai bana da aka ce baƙo zai zo. Kallo ɗaya zai yi ya ga rubutun mutum ɗaya ne. Shi ya sa ka sace kayanka da kanka, ka duba wa za ka ɗora wa, ka zaɓi ɗalibar da ita kaɗai take sauraronka."

"Shekara bakwai," in ji shi a ƙarshe. Girman kan nasa yana nan. "Kina so in zuba ido su soke Latin su bar halayyar karnuka? Don ilimi na yi. Mutum irinki ba zai fahimta ba."

"Ban fahimta ba. Ina takardun?"

"Na ƙona su a murhun gidana ranar Asabar."

"Duka?"

"Da na bar ko ɗaya, ai da an gane."

Farfesa Carmody ya fara wata doguwar magana a kan mutuncin jami'a da yadda za a iya kashe maganar a cikin gida. Glenda ta ce masa ya adana ta ga ɗalibansa, ƙarar ƙarya da sa hannun mamaci ba su zama a cikin gida. Ta kama gwiwar hannun Tickner, ya miƙe ba gardama.

Sun kai bakin ƙofa Marlee ta tashi. Ba ta yi zagi ba, ba ta yi kuka ba. Ta tare hanya kawai.

"Dakta, kafin ka ƙona tawa, ka karanta?"

Ya dubi bango, ya dubi takalminsa.

"Ban samu lokaci ba," in ji shi. "Ina ta rubuta sauran."

Glenda ta ja shi suka wuce.