Kwamfutar da Ta Manta Karatunta

Wata yarinya tana da kaka, tsohon malamin makaranta. Tun da ya ajiye alli, kullum da hantsi yakan zauna bakin taga da kwamfutarsa. Yana buga waƙoƙin da ya koya wa ɗalibansa a zamanin da.

Da farko manhajar rubutun ba ta san Hausa ba. Duk kalmar da ya buga, sai ta ja mata jan layi.

"Ni za ki yi wa gyara da jan biro?" in ji Kaka. Ya yi ta saka mata kalmomi ɗaya bayan ɗaya, har jan layin ya ɓace. Yakan kira ta ɗalibarsa ta ƙarshe.

Wata rana yarinyar ta kunna kwamfutar ba izini. Allon ya nuna manhaja tana sabunta kanta, kada a kashe. Sai ta ji takun Kaka. Ta fizge wayar wutar kwamfutar daga bango.

Washegari manhajar ta ƙi buɗewa. Kaka ya ɗauki sandarsa, jikar ta ɗauki kwamfuta, sai shagon mai gyaran da ya sayar musu da ita.

"Kai yaro, kayan banza ka sayar mini!" in ji Kaka. "A ajina, wanda ya ɓata shi ke gyarawa."

"Allah ya huci zuciyarka, Baba. Ko wani ya kashe ta tana cikin aiki?"

"Wa zai taɓa ta? Ko kaza ba ta shiga ɗakina! Yau sai maƙwabtanka sun ji halinka."

Mai gyara ya sunkuyar da kai.

"Kaka, ni ce," yarinyar ta faɗa a hankali. "Tsoro na ji."

Kaka ya cire hularsa. "Ɗana, na ɗora maka laifin da ba naka ba. Ka yafe mini."

"Ba komai, Baba. Sai dai a cire manhajar gaba ɗaya, a share ragowarta, a sake ɗora sabuwa. Waƙoƙinka suna nan. Amma ma'ajiyar kalmomin da ka saka mata ta lalace."

Da aka gama, manhajar ta buɗe. Ga waƙoƙin nan, amma kowane shafi ya yi jajir. Idon Kaka ya ciko.

"Ɗalibata ta koma aji ɗaya," in ji shi. "Ke kuma, jikalle, kin zama malamarta."

Tun daga ranar, kullum ta dawo daga makaranta sai ta zauna kusa da shi. Shi yana rera waƙa yana buga tebur kamar a ajinsa na da, ita tana saka kalmomi.

"Da ƙugiya! Ƙasa na ce, ba kasa ba!" in ji Kaka.

Kafin su kai shafin ƙarshe, ta haddace waƙoƙin duka, suna rerawa tare.

Yara, kada ku taɓa abin da ba naku ba sai da izini. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, kafin laifinku ya hau kan wani.