Ba a Kwana Cikin Ƙorama

Tun da kamfanin ma'adinai ya sallami Nomau, keke ya zama abincinsa, da shi yake kai wa makiyayan Dannet shayi da sukari daga Arlit. Ran nan ya bi busasshiyar ƙorama don kauce wa shingen sojoji, ya yi ta tura keke cikin rairayi har duhu ya shiga, ƙafafunsa suka gaza. Ya jingine keken, ya miƙe a tsakiyar ƙoramar.

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ya tashe shi, alhali rabonsu da ruwan sama har an manta. Wani dogon mutum na tsaye a kansa, rawani ya rufe masa fuska.

"Baƙo, tashi," in ji mutumin, muryarsa kamar daga cikin rijiya. "Mu nan ba mu kwana cikin ƙorama. Ruwa daga duwatsu yake gangarowa, ba ya sallama."

"Haba malam, a wannan farin? Bar ni in huta."

Mutumin ya duƙa ya kama hannunsa. Tafin sanyi ƙalau, duk laka. Ruwa na ɗiga daga rawanin bisa fuskar Nomau.

"Ni ma haka na ce."